Kyamarar Hanyar Garatu

"Ki ce masa ya girgiza ta," in ji Irimiya ta cikin waya. "Ya girgiza ta sosai, ke kuma ki kalli hoton."

Rachael ta isar da saƙon mijinta. Muttaka mai shagon ya ɗauki 'yar kyamarar, wadda da kaɗan ta fi kwalin ashana, ya kunna, ya yi ta tsalle da ita har hularsa ta karkace. Da ya nuna mata, sai ga hoton tsaye cak, ko motsi bai yi ba.

"Madam, wannan ita ce daidai ƙarfinku. Waccan ta fi araha, amma rawa take kamar mai zazzaɓi. A ka za a ɗaura ta ko a ƙirji?"

"A ƙirji," Irimiya ya amsa daga can. "Stephen ne zai ɗaura."

Rachael ta kashe wayar.

Tun bara da babbar mota ta ture Irimiya daga kan kekensa, ƙafafunsa suka shanye. Ɗakinsu na haya a unguwar Kpakungu ya zama iyakar duniyarsa, ya zama iyakar tata. Ta rufe shagon ɗinkinta. Ita ce juya shi, ita ce wanka, ita ce zubar da fo. Ko coci sai dai ta jiyo waƙa daga nesa. Shi kuwa burinsa ɗaya, ya sake ganin hanyar Garatu, inda shi da abokansa 'yan tseren keke suke fita duk Asabar. Amininsa Stephen ya taɓa ɗauko masa hanyar da waya, hoton ya yi ta tsalle har jiri ya sa Irimiya amai. Stephen ya ce a samo kyamara ta kirki, shi zai ɗaura. Amma tuni ya sayar da kekensa ya koma Abuja aiki, ya roƙi Rachael kada ta faɗa wa Irimiya tukuna. Kullum sai ta buɗe baki, ta dubi idon mijinta, ta fasa.

Ta biya. Muttaka ya miƙa mata maɗaurin, ya ce ta gwada a jikinta don ta iya nuna wa mai ɗaurawar. Ta fito da kyamarar a ƙirji, ta tsayar da ɗan acaba, ta ce Kpakungu.

Suka kutsa cikin cunkoson shataletale, hayaƙi da ihun masu keke napep ta ko'ina. Da suka zo bakin layinsu yaron ya rage gudu. Rachael ta hango rufin gidansu da tagar da ta bari a buɗe.

"Wuce," ta ce. "Kai ni Garatu."

Ta danna maɓallin. Gari ya fara ja baya. Ga gonakin doya, ga duwatsu, ga mata da kaya a kafaɗa. Ramuka suna jijjiga mata ƙugu, iska tana dukan fuskarta. Wani bunsuru ya faɗo kan titi, yaron ya kauce yana zaginsa har kakansa, ɗankwalinta ya tashi ta cafke shi a sama. Ba ta san sanda dariya ta ƙwace mata ba.

Ko rabin hanya ba su kai ba wayarta ta yi ƙara. Alisabatu ce, maƙwabciyar da ta bar wa jinyar Irimiya.

"Rachael, kina ina? Ya ɓata jikinsa, kuma ya ƙi in taɓa shi. Ya juya kai bango, ko magana ba ya yi."

Ta taɓa kafaɗar yaron. Suka juya.

Sai da ta wanke shi, ta canza zanin gado, sannan ta tura masa hoton a waya. "Na gwada ta a hanya," ta ce.

Irimiya ya riƙe wayar da hannu biyu. Hanya tana tafiya sumul. Ya dinga kiran wurare a hankali: nan suke shan ruwa, wannan hawan ne yake kashe Stephen. Fuskarsa ta saki.

"Kyamarar ta yi. Asabar sai Stephen ya ƙarasa."

"Stephen yana Abuja, maigida. Ya sayar da keken. Ba zai zo ba."

Bai ɗago ba. Hoton ya ci gaba, bunsurun ya wuce, sai ga dariyarta ta cika ɗakin, doguwa, har da shessheƙa. Jim kaɗan waya ta yi ƙara a ciki, dariyar ta yanke, titi ya juya.

Rachael ta tsaya riƙe da bahon ruwa, tana jiran faɗa ko kuka. Irimiya ya sa yatsa ya mayar da hoton baya. Ya tsallake gonakin, ya tsallake duwatsun, ya tsaya daidai kan bunsurun, ya ƙara muryar wayar.