Igiyar Ɓaleri

Duk garken Hammadu ya haye gulbi da safe, ban da Ɓaleri, baƙin san da ya raina da hannunsa tun uwarsa ta mutu. Sai da azahar aka lallaɓo shi zuwa mashigar Lambara, inda siminti ya gangara cikin ruwa, gansakuka ta sa shi santsi. Za a ja shi da igiya, ya yi iyo a bayan kwalekwale.

Baba Badaru mai fito ya dubi hannun Hammadu ya yi tsaki.

"Kak ka naɗe igiyag ga ga hannu. Riƙe ta sako-sako. Nan ba daji ba na."

"Na jiya, Baba."

Ya ji ɗin, amma hannun makiyayi ba ya shawara da kunne. Kafin su bar gaɓa igiya ta zagaye wuyan hannunsa, yadda ta saba tun yana yaro.

A tsakiyar ruwa Ɓaleri ya tsaya cak. Tsohon tarun masunta ya sarƙe masa ƙafafun baya. Igiya ta miƙe, kwalekwale ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙari. Gaba ta gagara, baya ta gagara. Mata huɗu ne a ciki da kwandunan albasa, ɗaya da goyo, kuma babu mai rigar ruwa. Salati ya kaure.

"Kowa shi zamna!" in ji Badaru, yana danna filafili. "Hammadu, saki!"

"Ba ta sakuwa, Baba!"

Igiya ta nutse cikin fata, yatsunsa sun kumbura. Duk fizgar da san ya yi, sai ruwa ya kwararo ta gefe. Mai goyon ta fara kwarfewa da ƙwarya.

"Wuƙakka na ga ƙugu," in ji Badaru. "Yanke."

"Baba, ni na ba shi nono ga ƙwarya."

"Na sani. Yanke."

Ya yanke. Kwalekwale ya yi tangal-tangal ya daidaita. Ɓaleri ya ɗaga hanci sama ya yi kuka, irin kukan da yake yi in ya ɓace wa garke. Hammadu ya buɗe baki zai amsa.

"Kak ka kira shi," in ji Badaru a hankali. "In yaj ji muryakka, zabura za shi yi, shi tsinka taru shi sa muna ƙaho ƙarƙashin jirgi."

Hammadu ya cusa bakin rawaninsa cikin baki ya cije. Ɓaleri ya yi ta kira, Badaru ya yi ta tuƙi, shi kuwa yana zaune ya ba ruwa baya. Ba su kai gaɓa ba kiran ya tsaya.