Ɗigon Dalma a Cikin Agogo

A shagon Mai Agogo babu agogo biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Na bango kaɗai sun fi ashirin, wasu an kawo gyara an manta da su, wasu masu su sun daɗe da barin unguwar, kowanne yana faɗin nasa lokacin. Tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, yakan leƙo da safe ya tambaya wai yau wanne ne mai gaskiya a cikinsu. Mai Agogo sai dai ya ja hannun riga ya nuna na wuyan hannunsa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, ba a taɓa kama wannan agogon da ƙarya ba.

A bayan shagon akwai ɗan ɗaki, labule ne ya raba su. Nan 'yarsa take karatu kullum da safe kafin ta wuce kantin maganin da take aiki. Shi Uwata yake kiranta, 'yan layi kuwa sun riga sun raɗa mata Likita tun ba a je ko'ina ba. Jarrabawar shiga makarantar koyon likitanci take shiryawa, kuma sau biyu kacal ake ba mutum damar zama. Ta zauna sau ɗaya bara. Ba sani ne ya gagare ta ba, don ƙasusuwan jikin mutum tana jero su kamar sunayen 'yan gidansu. Turanci ne ya tsaya mata a wuya. Akwai wani ɓangare da ake ba su dogayen rubuce-rubuce su karanta su amsa tambayoyi cikin minti casa'in. Ita kuwa ba da Turanci ta tashi ba, kowace jimla sai ta mayar da ita Hausa a ranta, ta juya ta, sannan ta gane inda aka dosa. Aka ce a ajiye biro tana da tambaya goma sha huɗu da ko kallonsu ba ta yi ba.

Da ta fara shiri na biyu, ita da kanta ta naɗa mahaifinta mai tsaron jarrabawa. Takan miƙa masa wayarta ya kulle a durowa, yadda ake yi a zauren gaske. Shi kuma ya ɗauko wani tsohon agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka, ya murɗa shi, ya tsayar da hannuwansa a kan sha biyu, ya ajiye mata. Da ya kai ɗaya da rabi sai ƙararrawa ta kaɗa, a ajiye biro.

Sati ukun farko, kullum a tsakiyar shafi ƙararrawar ke samunta. Ba ta ihu, ba ta jifa da littafi. Kifa kai take yi a kan tebur, kafaɗunta na rawa, tana danne sautin don kada masu kawo gyara su ji. Shi dai yana ji. Yana zaune da ɗan gilashi maƙale a ido, matsefata a hannu, ya kasa kama sukurun da ke gabansa.

Ran nan bayan ta tafi aiki ya buɗe bayan agogon. A ciki akwai wani ɗan zobe da ke kai da kawowa, shi ne zuciyar agogo, in ya yi nauyi gudu ya ragu. Ya ɗora ƙarfe a wuta ya ɗiga masa dalma, ɗigo ɗaya, bai kai kan ashana ba. Ya ce a ransa na kwana biyu ne, ta dai samu hankalinta ya dawo jikinta. Washegari tambaya takwas ta bari maimakon goma sha biyu, ta fito tana murmushi. Sati na gaba ya ƙara ɗigo. Na gabansa ma haka. Ta kai in lokacin gaskiya ya yi minti biyar, agogon tebur huɗu yake ƙirgawa. Har ta taɓa ce masa ƙarar agogon ta yi sanyi a kunnenta, alamar ta daina tsoro ke nan. Ya ce haka ne, Uwata. Kullum yana cewa gobe zai kankare dalmar, gobe ta yi ya ga fuskarta ya fasa.

Ranar wata Alhamis, saura kwana tara jarrabawa, ta yaye labule tun ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Ta gama, har da rarar minti biyar. Tana haɗa littattafai tana ba shi labari cikin dariya, wai yau ne ƙarshen ɗagewa. Wanda ya ga bai shirya ba zai iya kai fom ofishin jarrabawa kafin ƙarfe huɗu, a mayar da shi zaman da za a yi bayan wata shida, kuma ba a lissafa masa cewa ya zauna. Ta ce wata guda ke nan fom ɗin na cikin jakarta, sau biyu tana ciro biro za ta cike. Ta zaro shi ta shimfiɗa masa a kan tebur.

"Ga shi, Baba, ka riƙa zuba sukurorinka a kai. Ni kam na wuce nan."

Ta karɓi wayarta ta fita. Bai san ana ɗagewa ba sai yau. Ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Ya jawo wani tsohon ambulan ya yi lissafi a bayansa, a hankali, don shi ba mai nisan karatu ba ne. Ya sake yi. Duk sau biyun abu ɗaya ya fito: a lokacin gaskiya ta zarce da minti goma sha shida. A zauren can babu mai ɗiga mata dalma. Za a ce a ajiye biro, ta ɗago kai tana mamaki, kuma shi ke nan, babu zama na uku.

Wani ya kawo agogon hannu a sa masa batir, ya sa a baibai. Ya ciro waya ya danna lambarta, kafin ta shiga ya kashe. Wajen sha biyu ya shiga wurin Tela ya zauna a kan benci, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaye shi ko ya taɓa rage wa mutum awo don ya faranta masa. Tela ya ce sau ɗaya, wani mai tumbi ne da ya dame shi da cewa ya rame, shi kuma ya karanta masa tef ɗin yadda yake so, ya ɗinka a haka. Ranar da mutumin ya sa rigar, ya sunkuya zai ɗaura takalmi, maɓalli ya yi tsalle ya kusa cire wa matarsa ido. Tela yana dariya har da buga keken ɗinki, sai ya lura abokinsa bai yi ba. Ya tambaye shi ko lafiya. Mai Agogo ya ce ya duba masa shago.

Duk da haka sai da ƙarfe biyu ta gota kafin ya iya tashi. Ya naɗe agogon tebur a tsumma, ya ninke fom ɗin ya sa a aljihu.

A kantin magani akwai mutum huɗu a gabansa, ya bi layi kamar mai saye. Da ta gan shi fuskarta ta canja, ta tambaya ko Inna ce ba lafiya. Ya ce kowa lafiya. Ya kwance tsumman, ya tsayar da hannuwan agogon a kan sha biyu, ya ajiye a kan kanta, ya ce ta fito da wayarta ta duba lokaci, in minti biyar ya cika ta dubi wannan.

Ta yi dariya ta ce wane sabon wasa ne wannan, amma ta yi yadda ya ce. Ta juya ta ba wata mata maganin tari, ta yi mata bayanin cokali nawa, ta rubuta a jikin kwalin. Shi yana tsaye riƙe da bakin kanta. A rayuwarsa bai taɓa ganin minti biyar mai tsawon wannan ba.

Ta dubi waya. Ta dubi agogo. Ta sake duban waya. Ya ga leɓɓanta na motsi, tana yin lissafin da ya ɗauke shi rabin awa, ta gama shi kafin ya ja numfashi biyu.

"Tun yaushe?"

"Tun sati na huɗu."

"Lalacewa ya yi?"

Ya ga ƙofar da ta buɗe masa, kuma ya so ya bi ta ciki. Ya ce a'a, shi ne ya ɗiga masa dalma, da hannunsa. Ya ce kukanta ne ya kasa jurewa. Ba ta ɗaga murya ba, don mai kantin na zaune a can ciki.

"Da ka bar ni da kukana, Baba. Shi dai na gaskiya ne."

Ya ciro fom ɗin ya ajiye kusa da agogon. Ta dubi fom ɗin. Sannan ta shiga ta yi magana da mai kantin, ta fito da jakarta. Uku saura minti goma.

Ofishin yana can ɗaya gefen garin. Suka samu bas, suka matsu a kujerar baya, agogon a kan cinyarsa. Tun tana ƙarama, in tana son sanin lokaci hannunsa take kamawa ta juya ta duba. Yau hannun na nan kusa da nata, amma wayarta take ta dubawa. Ya ja hannun riga ya rufe agogon.

Ba da shi take magana ba, da tagar motar take yi. Ta ce kwana tara ba kaɗan ba ne, wataƙila in ta matsa za ta iya cike minti goma sha shida. Ta ce Inna ta gama gaya wa dangi ranar, har Gwaggo ta ce za ta zo ta raka ta. Ta ce 'yan layi za su samu abin hira na wata shida. Kalmomin lallashi suka taru a bakinsa, irin waɗanda ya saba, za ki iya Uwata, Allah na nan. Ya haɗiye su. Ya san inda irinsu suka kai shi.

Bas ta shiga cunkoso wajen wata gada ta tsaya cik. Sai ta buɗe jaka ta ciro littafin gwaji, ta zaɓi shafin da ba ta taɓa karantawa ba, ta danna waya, ta fara bi da yatsa. Yana ganin yadda take tsayawa a ƙarshen kowace jimla, idonta ya ɗan lumshe, tana mayarwa Hausa. Shafin na minti biyar ne. Ta gama a bakwai da 'yan daƙiƙu. Ta rufe littafin, ta ɗora fom a bayansa, ta fara cikewa a kan gwiwa.

Uku da rabi ta wuce motar ba ta motsa ba. Suka sauka suka kama ƙafa. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da ba shi matsala, amma bai bari ta ga yana ɗingishi ba sai da suka zo matakalar bene. Hawa na uku ne. Ya ce ta wuce, kada ta jira shi. Ba ta jira ba.

Da ya iso yana haki, ya same ta a gaban wata taga mai gilashi, wata ma'aikaciya mai tabarau tana duba katin shaidarta. Saura minti shida. Ma'aikaciyar ta tura mata fom ɗin ta nuna wurin sa hannu, ta ce ta yi tunani, don in an buga hatimi ba a mayarwa. Uwata ta riƙe biro a sama da layin. Minti ɗaya ya wuce. Na bayanta ya yi tsaki. Mai Agogo ya jingina da bango, ya rungume agogonsa, yana jin bugunsa mai nauyi a ƙirji.

Ta sa hannu. Hatimi ya sauka.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka shigo layinsu. Tela na bakin ƙofa yana kakkaɓe zare daga jikinsa, ya ɗaga murya kamar kullum, "Likita, saura kwana nawa?"

"Wata shida da kwana tara, Kawu."

Tela ya dube ta, ya dubi abokinsa da tsumman da ke hannunsa, ya koma ciki ya ce ya bar dutsen guga a kunne.

Cikin shago ta karɓi agogon ta ɗora a teburin aikinsa, ta ce ya kankare dalmar. Ya maƙala gilashi a ido ya buɗe bayan. Tana tsaye a kansa. Ɗigo uku ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin 'yar wuƙa, a hankali don kada ya ji wa zoben ciwo. Da ya rufe ya murɗa, ƙarar ta dawo da saurinta na da, har ta ɗan ja da baya. Ta tsayar da hannuwan a kan sha biyu da kanta, ta ajiye wayarta a gefe. Suka jira. Biyar a waya, biyar a agogo.

"Gobe ƙarfe bakwai," in ji ta. "In ka ji ina kuka, Baba, ka shiga wurin Kawu ka zauna."

Ya ce to, Uwata. Ya miƙa hannu zai mayar da agogon durowar da yake kwana, ta riga shi. Ta naɗe shi a tsumman ta sa a jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira ya rufe shago.