Kabarin Danda Andoshin

Rufa'i ya kama buhun ta gindi ya zazzage ragowar gyaɗar bara a kan gado, da ƙasarta da komai. Matarsa Zara'u na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Da ta ga ya kai hannu ga buhun wake, sai ta yi magana.

"Malam, mu kuma a ina za mu kwana?"

"A kan gyaɗar," in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba. Ya kakkaɓe buhun, ya ninke, ya haɗa da 'yan waɗanda ya samo a kasuwa.

Tun da gari ya waye yake yawon neman buhu. Ruwan da aka kwana ana yi ya cika tabki har ya tsallake hanya, duk mai katanga a Tasawa kuwa buhu yake nema ya cika da yashi ya tare gidansa. Masu hatsi sun rabu da nasu tun kafin hantsi. Wani mai albasa ne ya ji tausayinsa ya ba shi tsofaffi, waɗanda in ka ɗaga su sama kana hango gari ta cikinsu.

Daga waje aka kwaɗa masa kira.

"Ɗan soja! Jaki ya gaji da tsayuwa, ni ma na gaji. Fito ka dubi gabas."

Gamaliyel ke nan, maƙwabcinsa mai amalanke. Tare suka shiga lekol, makarantar boko, suna yara, tare kuma suka gudu. Rufa'i ya fito rungume da buhunan ya dubi gabas. Hadari ya sake haɗowa, baƙi ƙirin, gefensa ya yi ja kamar bakin tukunyar da ta sha wuta.

"Maƙabarta za mu," ya ce. "Amma sai mun biya gidan Inna mun ɗauki shebur."

Suka kama hanya. Kan kwalta ya cika da 'yan kwaɗi ƙanana, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, duk suna tsalle suna nufar yamma kamar an kira su taro. A wani lungu kaza ce ke tafiya a kan murfin randa, ruwa na juya ta, ita kuwa ta ƙame kamar mai jiran a kai ta unguwa. Da wata rana ce da Rufa'i ya tsaya kallo har sai an ja shi. Yau ƙafarsa ce kawai ke kaɗawa a gefen amalanke.

Duk tsofaffin Tasawa sun san Danda Andoshin, uban Rufa'i. Faransawa ne suka ɗauke shi soja yana saurayi, suka sa shi a jirgin ruwa suka kai shi yaƙi wata ƙasa da ake kira Andoshin, sunan kuwa ya bi shi har kabari. Can, in ji shi, daji ne wanda rana ba ta taɓa ƙasarsa. Itatuwa na tsaye cikin ruwa a kan dogayen saiwoyi kamar raƙuma. Matsattsaku kan faɗo daga ganye su shige wuyan riga, ba ka jin su sai sun ƙoshi. Shinkafar da mutum ya zuba a aljihu takan yi tsiro kafin ya sami wutar dafa ta. Wanda ya cire takalmi, fatar ƙafarsa takan biyo takalmin. Haka suka yi ta tafiya wata da watanni, bindiga a ka, ana harbinsu daga inda ba su gani.

Wannan duk yakan faɗa a bakin masallaci ana dariya. Labari ɗaya ne ba ya fita waje. Abokinsa Amani, mutumin Mayahi, zazzaɓi ya kashe shi a cikin dajin. Duk ramin da suka haƙa sai ya cika da ruwa kafin su miƙe tsaye. A ƙarshe cikin ruwan suka sa shi, gawar ta yi ta tasowa, sai da Danda ya hau kanta da ƙafafunsa biyu, sauran suna tura laka.

Ya dawo gida ba farce ko ɗaya a ƙafarsa. In ya yi alwala sai ya sa tsumma ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. In ana ruwa, ya kife turmi a cikin ɗaki ya hau ya naɗe ƙafa. Da kansa ya zaɓi wurin kabarinsa a kan tudu, ranar da zai rasu kuwa ya damƙe wuyan hannun Rufa'i ya ce, "Kada ka bari ruwa ya kwanta a kaina." Shekarar yunwa ce, ana fita roƙon ruwa ana dawowa da ƙishi, Rufa'i ya ɗauki alkawarin kamar an ce masa kada ya bari wata ya faɗo. Sai ga shi yanzu, gemunsa ya yi fari, gidaje sun cike tsohuwar hanyar ruwa, ruwan ya nemi sabuwa ya samu ta gefen tudun.

A gidan Inna suka tarar da ƙanwarsa Aziza tana kwalfe ruwa da tasa, zaninta a jiƙe har gwiwa. Tana ganin buhunan ta saki tasar.

"Alhamdu lillahi! Yaya, Allah ya saka. Zo ka gani."

Ta ja shi bayan ɗakin uwarsu. Ruwa na lasar gindin bangon, laka na zubowa gaɓa-gaɓa, ga tsaga ta taso daga ƙasa wadda hannu zai shiga.

"Ba na nan ba ne," Rufa'i ya ce a hankali.

"To na ina ne?"

Ya dubi shebur da ke jingine a jikin rumbu.

"Na Baba ne."

Aziza ta tafa hannu.

"Baba ya rasu tun ina wasan ƙasa! Inna kuwa tana numfashi, Yaya. Ka raba su mana, rabi nan rabi can."

"In na raba, ko'ina ba za su tare ba. Ke ma kin sani. Mu kai ta lekol, can aka tara waɗanda ɗakunansu suka faɗi. Ɗaki ana sake ginawa."

"Da wane ƙarfin? Naka? Je ka faɗa mata da bakinka."

Inna Lami na zaune a kan gadon ƙarfe, ƙullin tufafi a cinyarta. Ta tsufa ƙwarai, ta ƙanƙance, amma kunnenta na nan daram.

"Ba ni zuwa lekol," ta ce tun kafin ya gama sallama. "Ban je ina yarinya ba, sai yanzu? Ɗauke ni ka aza a amalanke. Inda za ka, can za ni."

"Inna!" in ji Aziza daga ƙofa. "Mace a maƙabarta?"

"A shekaruna? Fili zan je dubawa."

Gamaliyel ya tuntsire da dariya a tsakar gida, sai ya ga ba wanda ya taya shi, ya koma gyara wa jaki igiya. Rufa'i ba shi da lokacin gardama. Ya sunkuci uwarsa, ba ta fi damin kara nauyi ba, ya zaunar da ita a kan buhunan. Aziza ta ɗauki tasarta ta juya masa baya.

Da suka isa, ruwan ya riga su. Ya shigo ta gefen arewa, siriri, ja, ɗauke da kashin awaki da ledoji, yana bi tsakanin kaburbura kamar mai neman wani. Suka tsayar da amalanken a gindin wata bishiyar bedi a bakin maƙabarta, Inna na kai. Gamaliyel ya riƙe bakin buhu, Rufa'i na zuba yashi. Buhunan albasa na tsiyaya ta huji, sai sun cusa ɗaya cikin ɗaya.

"Ɗan soja, sannu a hankali. In ka faɗi nan, ba nisa za a kai ka ba, amma ni ba zan iya haƙa ba."

"Riƙe buhu, Gama."

Waya ta yi ƙara a aljihun Rufa'i. Ya san Aziza ce. Ya ƙyale ta.

Suka jera buhunan a gefen da ruwa ke zuwa, suka zagayo da su kamar kofaton doki, suka tattake. Ruwan ya iso ya daki buhu, ya tsaya kamar ya yi tunani, sannan ya rabu biyu ya wuce. Kabarin Danda na nan a bushe, da guntun tulu a wajen kai kamar yadda aka bar shi. Rufa'i ya sauke numfashi. Tun asuba sai yanzu ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

"Rufa'i," in ji Gamaliyel. Da wuya yake kiransa da sunansa. "Dubi can."

Ruwan da suka kora ya ƙara gudu. Ya faɗa wa kabarin da ke dama yana cin gefensa, ƙasa na zaftarewa tana bin ruwa. Na bayansa ma ya fara lotsawa ta tsakiya.

Rufa'i ya ruga ya ciro buhu ɗaya daga ƙarshen jerin ya jefa a can. Ruwan ya kauce ya nufi wani. Ya sake ɗauko wani. Inda ya cire kuwa ruwa ya fara leƙowa wajen ubansa, ya dawo da gudu ya mayar. Ya yi ta kai da kawowa, takalminsa ɗaya ya maƙale a laka ya bar shi, waya na ta ƙara a aljihu, ga yayyafi ya fara sauka manya-manya.

"Na wa ne wannan ɗin?" Gamaliyel ya tambaya.

"Ban sani ba. Wani ne."

"To shi ba shi da ɗa mai buhu ke nan."

Rufa'i ya ɗago zai yi masa tsawa, sai muryar Inna ta zo daga gindin bedi.

"Kai. Zo nan."

Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, shi ne ɗanta na fari. Ya je yana haki, ya dafa amalanken.

"Ku kun san ubanku a kan turmi," ta ce. "Ni na san inda yake tahiya in an ɗauke ruwa kun fita kamun shinge, garar nan mai fiffike."

"Inna, ba yanzu ba."

"Yanzu. Sauka yake yi ya nufi tabki. Da riga da wando yake shiga, har ƙirji. Ya ɗaga hannuwa sama kamar yana riƙe da wani abu, alhali ba komi. Ni ke zuwa in jawo shi kada mutane su gani. Wata rana na ce masa, wannan wace irin wauta ce, kai da ko raɓa ba ka so? Ya ce mini, su Amani suna can cikin ruwa har yau. Kunya nike ji in bushe ni kaɗai."

Rufa'i ya share ruwa daga fuskarsa.

"To don mi ya sa ni alkawari?"

"Tsoro mana. Mutum ba ya jin tsoro da kunya tare? Yau wannan ya fi ƙarfi, gobe wancan. Kai ka same shi ranar tsoro."

"Yau kuma wace rana ce?"

"Ni zan sani? Kai ka riƙe masa hannu." Ta gyara ƙullinta ta rufe shi da gefen mayafi. "Ni dai na faɗa maka abin da na gani. Kada ka ce don ɗakina ne. Ɗakin ma shi ya gina shi."

Rufa'i ya juya. Daga nan gindin bedi ana ganin maƙabartar duka. Ruwa ya bazu, kaburbura sun zama 'yan tuddai baƙaƙe masu nutsewa, wasu guntayen tulunsu kawai ake gani. A tsakiya ga wuri ɗaya fari fat, zagaye da buhunan albasa, ruwa na ratsa shi dama da hagu yana afka wa maƙwabta.

Ya daɗe yana kallo. Wayar ta yi ƙara, ta yanke, ta sake yi.

Ya taka cikin ruwan da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya tsuguna a wajen kan ubansa ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Da ya shafa, sai ya ce a hankali, "Baba, ka yafe mini in na yi kuskure." Ya kama kunnuwan buhun farko ya ɗaga. Buhun ya sha ruwa ya yi nauyi, sai da ya yi nishi.

Ruwan bai yi gaggawa ba. Ya shigo ta giɓin a hankali, ya zagaya, farar ƙasar ta soma yin duhu daga gefe.

Gamaliyel ya ga abin da yake yi. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya zo ya kama buhu na biyu.

Suka loda su duka, suka mayar da Inna a kan jiƙaƙƙun buhunan. Kaya ya yi wa jakin yawa, Rufa'i bai hau ba, ya sa kafaɗa yana turawa daga baya.

"Ɗan Febi," Inna ta ce wa Gamaliyel, da sunan uwarsa take kiransa, "yi wa jakin nan magana. Ruwa ya kankama."

Rufa'i ya ciro wayar ya kara a kunne.

"Muna tahe," ya ce. "Bangon na tsaye? To ci gaba da kwalfa."

Sau ɗaya ya waiwaya, da suka kai bakin hanya. Ruwa ya shafe wurin bai ɗaya. Ya duba, ya sake dubawa, ya kasa gane wanne ne na ubansa.