Fentin Kawu Haladu

Gwadabe ya ɗaga murfin akwatin kayan aiki da ke bayan janwe, motar jan motoci, sai ya tsaya cak. Kore shar! Shakal ɗinsa guda huɗu, lanƙwasassun ƙarafan nan da ake zura wa ƙusa a haɗa wayar winci da motar da za a ja, duk an shafe su da koren fenti, an jera su reras suna ta ƙyalli.

"Ya ka gani?" in ji Kawu Haladu daga bayansa, baki har kunne. "Jiya kana barcin gajiya na ce bari in ɗan taɓuka. Tsatsa duk ta kama su, abin kunya a gaban Larabawa."

"Kawu, akwai wanda na ɗaura wa jan ƙyalle."

"Wannan tsumman? Ai na yar."

Inna lillahi. Gwadabe ya ƙura wa ƙarafan ido. Duka huɗun iri ɗaya ne, masu kyau, da hannunsa ya zaɓo su, kowanne da lambar nauyin da zai iya ɗauka a jikinsa. Shekaranjiya, yana jan wata bas daga laka, ɗaya ya sha fizga mai tsanani. Da ya duba sai ya ga tsaga siririya kusa da kunnensa, ƙusar kuma ta fara cijewa. Ya ɗaura masa ƙyalle, da niyyar in ya samu sukuni ya jefar. Ina sukunin? Tun da ambaliya ta afka wa Jidda ana tsakiyar aikin Hajji, daga wannan mota sai waccan, idanunsa har sun yi jajir.

Yanzu ga su a wani kwari gabas da gari, rana ta take, laka na wari. Jif ɗin Hamad ta nutse har ƙofa. Hamad kuwa shi ne kafilinsa, shi ke da janwen, da sunansa iƙamar Gwadabe take. In janwen nan ya bar hannun Gwadabe, abincinsa ya bar shi ke nan, takardar zama ma sai yadda ta yiwu.

Ya tsuguna, ya murɗa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Duk suna cijewa, fenti ya shiga ko'ina. Ya zaro wuƙa ya kankare kunnen na farko. Kawu mutum ne mai aiki da gaskiya, sai da ya goge su da yashi kafin ya shafa har sau biyu. Zane-zanen gugar sun cika jikin ƙarfen, wane ne zai ce wannan tsaga ce, wannan kuwa karta?

"Yalla, ya Gwadabe!" Hamad ya ɗaga murya da Larabci. Shi ma ba a hayyacinsa yake ba, ruwa ya shiga gidan mahaifiyarsa, farar rigarsa ta koma ruwan ƙasa har gwiwa. Ya nuna gabas, inda hadari ke sake haɗuwa a kan duwatsu. "In ruwa ya sake saukowa ta kwarin nan, motar ta tafi."

"Ya ammi," in ji Gwadabe, yadda ake kiran maigida a nan, "shakal ɗaya a ciki ya tsage, ban san wanne ba ne. Ƙugiyar winci kuma ba ta shiga idon gaban jif ɗin, sai da shi."

"Uku lafiyayyu, ɗaya marar kyau? Ɗauki ɗaya ka yi bismilla."

Da sauƙi a baki. Gwadabe ya taɓa ganin shakal ya tsinke ana cikin ja. Gutsuren ya tashi kamar harsashi, ya fasa ƙofar wata mota ya fita ta ɗaya gefen. A nan kuwa ga masu kallo sun fara taruwa a bakin kwari, har da masu riƙe da 'ya'yansu. Ya kira direbobin janwe biyu da ya sani a unguwar Bani Malik. Ɗaya bai ɗauka ba, ɗayan ya ce yana can kudu, laka har wuya. Shagunan ƙarfe a rufe suke, wasu don Sallah, wasu don ruwa ya cinye su.

Kawu Haladu ba ya jin Larabci, amma yana jin fuska. Murmushin nan ya gushe. Shi ya riƙe Gwadabe bayan rasuwar ubansa, da sana'ar fentin ƙofofi a Funtuwa. Ya zo umara bai koma ba, ga ido ya yi rauni, ga hannu na rawa, ba mai ba shi aiki. Yana zaune a ɗakin Gwadabe, ɗan ƙanwarsa, a unguwar Waziriyya, kullum in an ajiye abinci sai ya ce ya ƙoshi, sai an yi ta lallashi. Yau ma da ƙyar Gwadabe ya yarda ya biyo shi, don ya gaji da ganinsa yana kallon bango.

"Mai jan ƙyallen kake nema?" Tsohon ya sunkuya, ya shafa ƙarafan da yatsa, ya ware na ƙarshe. "Ga shi. Shi na ajiye a hagu. Ɗauki na farkon nan ka yi aikinka."

"Kawu, ka tabbata?"

"Ni zan yi maka ƙarya?"

Kafin Gwadabe ya ce uffan, tsohon ya ɗauki na farkon, ya naɗe wando, ya kutsa cikin laka yana tangaɗi har gaban jif. Ya tsaya daidai inda za a ɗaura, ya dafa ƙarfen gaban motar.

"Zo ka ɗaura. A nan zan tsaya har ka gama ja. In ya tsinke, ni zai fara samu."

"Ka gani?" in ji Hamad. "Tsoho ya sani. Halas, shi ke nan, ja!"

Wayyo, abin ya yi wa Gwadabe nauyi. In ya ƙi, ya ƙaryata kawunsa a gaban baƙi. In ya ja, to da me zai ja, da maganar mutumin da ba ya bambance gishiri da sukari sai ya ɗanɗana? Ya dubi tsohon, ƙafafu sirara cikin laka, haɓa a ɗage. Tausayi ya kama shi, da haushi, da wata irin gajiya da ta fi ta jiki.

Ya hau janwe ya kashe inji. Ya sauko ya miƙa wa Hamad makulli.

"Ka san me kake yi?" Hamad bai ma yi ihu ba. "Akwai mai jiran janwen nan tun bara."

"Na sani, ya ammi. Ka ce masa ya zo da nasa shakal ɗin. Waɗannan nawa ne."

Ya zuba ukun a buhu, ya shiga lakar, ya karɓi na huɗun daga hannun Kawu ya haɗa. Sannan ya kama tsohon a hammata ya fito da shi. Takalmi ɗaya ya tsaya a can ciki, ba wanda ya koma nema.

Suka kama hanyar babban titi a ƙafa, buhu na ƙara a kafaɗar Gwadabe, iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ruwa. Suka yi nisa. Can Kawu Haladu ya ja numfashi, bai ɗago kai ba.

"Gwadabe."

"Na'am, Kawu."

"Wallahi ban san wanne ba ne."

"Na sani, Kawu. Taka a hankali, akwai santsi."