Sunan Inna a Bangon Lyon

Wanne ya fi muni ga matar da ta riga ta kwanta dama: a rataye hotonta ba suna, kamar hoton tukunya, ko a rataye shi da sunanta da na ubanta, kowa ya karanta? Mai ba da wannan labari ya juya tambayar ya gaji, bai samu amsa ba. Rauda dai ta ɗauka ta sani.

Ɗiyar Damagaram ce, ta zo Faransa karatun tarihi. Da ta gama sai ta samu tallafin wata gidauniya mai shigar da 'ya'yan baƙi aikin ɗakunan karatu da gidajen adana kayan tarihi, don kada ma'aikatan su ci gaba da zama launi ɗaya. Aka tura ta wani gidan adana tsofaffin hotuna a Lyon. Makon farko a gaban kamara ta yi shi: riƙe akwati, yi murmushi, gyara kallabi. Sai da suka ƙoshi da fuskarta sannan aka ba ta aiki.

Aikin shi ne akwatunan hotunan wani malamin lakkol, wato makarantar boko, Bafaranshe da ya zauna a Damagaram kafin 'yancin kai. A bayan kowane hoto ya yi rubutu. Kwamanda da sunansa, matar kwamanda da sunanta, har karen gidan yana da suna. Sauran kuwa "mace Bahausa", "tsoho", "'yan ƙasa a kasuwa". Kullum Rauda ta juya hoto sai ranta ya ɓaci. Ta yi wa kanta alkawarin mayar wa mutanen nan sunayensu, ko da na mutum guda ne.

Wata Asabar ta je Paris, gidan Alhaji Ilya a Saint-Denis. Aminin mahaifinta ne, ɗan kasuwar atamfa, shi ya ɗauko ta daga filin jirgi ranar da ta sauka a ƙasar. Bayan cin tuwo ya fita masallaci, ita kuma ta zauna tana nuna wa matarsa Hajiya Hassia hotunan a wayarta. Suka kai ga na wata matashiya tana daka a tsakar gida, zane a ƙugu, kai ba ɗankwali, ƙirji a buɗe, tana yi wa wata da ba a gani dariya.

Hajiya ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Inna ce! Dubi tsagar kumatun, dubi wushiryar. Mahaifiyar Alhaji ce."

"Tanti, yaya sunanta?"

"Ke, ni zan faɗi sunan surukata? Ita aka yi wa takwara da ɗiyarmu ta fari, wadda muke ce wa Mama. Ubanta Malam Chaibou na unguwar Birni." Ta miƙa mata wayar a kife. "Kar ki nuna wa Alhaji."

Rauda ta san sunan Mama na takarda: Safi. Gargaɗin kuwa ta ɗauke shi tausayi ne kawai, kada a tuna wa dattijo rasuwar uwarsa. Ta koma Lyon da murna.

Leïla, wadda ke kula da aikinta, ta rungume ta da jin an samo suna. Iyayenta 'yan Aljeriya ne, ita ma ta ƙofar irin wannan tallafi ta shigo. Aka zaɓi hoton ya zama babba a baje kolin ƙarshen shekara, aka sa shi a shafin intanet na gidan, a ƙarƙashinsa: Safi, ɗiyar Malam Chaibou, Birni, Zinder. Kafin a buɗe baje kolin wani ɗalibi ya tura shi zauren WhatsApp na Damagarawan Faransa, har da alamar tafi.

Alhaji Ilya ya kira. Bai tambayi aiki ba, bai tambayi sanyi ba.

"Rauda, me na yi miki?"

"Baba Alhaji, ina wuni..."

"Ajiye gaisuwar. Yaran da ke ɗaukar mini kaya suna ganina suna sunkuyar da kai. Abokin cinikina ya kira daga Maraɗi yana yi mini jaje. Ni ban duba ba, ba kuma zan duba ba. Na haura sittin, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ke kin rubuta shi a ƙarƙashin tsiraicinta!"

"Baba, mutunci na mayar mata. Mutumin nan ya rubuta sunan karensa, ita ya ce mata 'mace Bahausa'!"

"To, da ya bar ta mace cikin mata. Ke ce kika mayar da ita uwata. Idan ba ku iya sauke hoton, cire sunan."

"Ba zan cire ba," in ji Rauda. "An shafe ta sau ɗaya. Ba da hannuna za a sake ba."

"Madalla da karatu," in ji shi, ya kashe.

Tana huci ta samu Leïla, ta ce a sauke hoton, a bar sunan a kundin gidan kawai. Leïla ta girgiza kai.

"Hoton mallakin gidan ne, an riga an buga shi a komai. Ba ni da iko, shugaba ma ba za ta yarda ba. Sunan kuwa naki ne, ke kika kawo. Amma ki sani, ma belle, saboda shi mutanen gidauniya za su zo. Da shi zan roƙa miki kujera a nan idan tallafinki ya ƙare."

Rauda ta fita ba ta san wa ta fi jin haushi ba: mataccen Bature, ko gidan da ke ado da fuskarta, ko dattijon da ya fi son a manta uwarsa da a ambace ta.

Ranar buɗewa da la'asar zauren ya cika. Shugabar gidan tana jawabi, tana nuna Rauda da hannu, tana cewa ga amfanin buɗe ƙofa ga kowa. Sai ga Alhaji Ilya a bakin ƙofa, da farar babbar riga a kan rigar sanyi, tikitin jirgin ƙasa har yanzu a hannunsa. Idonsa na kan takalminsa.

"Ina take?" ya tambayi Rauda.

Ta nuna masa. Ya tafi yana kallon ƙasa, da ya isa ya juya wa hoton baya, ya buɗe hannuwansa. Rigar ta baje ta rufe matar daga wuya zuwa ƙasa.

Jawabi ya tsaya. Wani mai gilashi ya ce, "Magnifique," ya fara tafi, ya ɗauka cikin shirin ne. Mutane suka ɗaga wayoyi. Suna ɗaukarsa hoto, ba wanda ya tambaye shi.

"Monsieur, ba a tsayawa nan," in ji mai gadi.

Alhaji bai motsa ba.  Da Hausa ya amsa, ba ga mai gadin ba. "Ɗiyata, gaya masa nan zan tsaya har su rufe. Gobe ma zan dawo."

Rauda ta dubi abin da ya rage a bayyane sama da kafaɗarsa: fuskar mai dariya, da wani baƙin layi a kusurwar hoton. Kan katanga ne. Ita da kanta ta rubuta a kundi cewa daga sama aka ɗauka, ta wuce. Baturen da ya ɗauki hoton leƙe ya yi. Matar ba ta san ana kallonta ba, a cikin gidanta take, cikin mata 'yan'uwanta. Bai yi sallama ba. Ita ma Rauda da ta samo sunan a falon Hajiya, wa ta nemi izininsa?

Duk da haka ba ta yarda Alhaji ne da gaskiya ba. Matar tana da suna, kuma karen ma an bar masa nasa.

Leïla ta riƙe mata hannu. "Rauda, ki yi tunani. Suna kallo."

"Su kalla. Ai kallon suka iya."

Ta durƙusa a gefen Alhaji, ta sa farce a ƙarƙashin ɗan allon da ke ɗauke da sunan. Gam ɗin ya kama sosai, sai da farcen ya karye. Ta ɓamɓaro shi da fentin bangon a jikinsa, ta kife rubutun, ta sa shi cikin aljihun babbar rigar.

"Na intanet ma yanzu zan cire," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Sauke hannunka, Baba."