Ganyen da Umma Ta Kasa Shinshinawa

Tun da suka sauko daga motar masu yawon buɗe ido Umma ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ta gyara mayafi, ta duba jaka, ta tambayi lokacin komawa masauki. Auta, wadda ta biya musu kuɗin tafiyar, ta ce, "Haba Umma, saboda ke fa muka zo lambun kayan yajin nan."

Ai nan gizo ke saƙar. Umma ta tsufa tana sayar da kayan ƙamshin girki, da hanci take gane sabuwar citta da wadda ta kwana biyu. Amma tun zazzaɓin bara hancin ya mutu murus, kuma ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta. Tsoro take ji, don mai shagon kayan yaji da ba ta jin ƙamshi, wa zai ƙara yarda da kayanta?

Ga shi ɗan jagoran lambun yana da wata al'ada: sai ya tsinko ganye, ya murje, ya miƙa wa baƙo ya canki sunan itacen. Umma kuwa busassu ta sani a buhu, ba ta taɓa ganinsu a jikin itace ba. Ta dinga raɓewa bayan mutane, tana fifita da gefen mayafi. Auta mai bakin ganga ta ɗaga murya: "Ba wa mahaifiyata, ita ce gwanar!"

Ganye ya sauka a tafin Umma. Ta kai hanci, ta ja numfashi. Wayam. Gumi ya keto mata, idanu duk sun dawo kanta.

Sai mijinta Baba, mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, ya fizge ganyen. "Kawo nan, kullum ke ce gwana?" Ya shinshina da ƙarfi. "Tafarnuwa ce."

Aka kwashe da dariya. Ɗan jagora ya ce kanumfari ne. A itace na gaba Baba ya sake yin caraf ya karɓe, ya ce albasa. Kirfa kuma ya rantse sabulu ne. Auta kamar ta nutse don kunya, tana ta jan hannun rigarsa.

Da ayari ya yi gaba, Umma ta tsaya a inuwar wani dogon itace, ta tsayar da Baba.

"Malam, yaushe ka sani?"

Bai dube ta ba, yana goge yatsunsa da hankici. "Tun ranar da tukunya ta ƙone kina zaune gefenta kina tsintar wake."

Idonta ya ciko. Ya nuna gaba da haɓa.

"Mu je. Saura itatuwa da yawa, kuma sunayen da na sani sun kusa ƙarewa."