Tulun Hajiya Raihanatu na Uku

"Ni ban ce kin yi ƙarya ba, Hajiya," in ji Inna Tsahara, tsohuwar maginiyar tukwane ta Jiratawa, tana jujjuya ɓarin tulu a tafin hannunta. "Amma wuta ba ta son kai. Tukwane arba'in munka sa mata, naki kaɗai ya hwashe, kuma karo na biyu ke nan. Mi kike wa yumɓun in kin kai shi gida?"

"Kwaɓa shi nake, Inna, yadda kinka nuna mini."

Hajiya Raihanatu ta faɗi haka ne idonta a ƙasa. Shekara talatin da huɗu ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti cikin Maraɗi, sai ga ta yau tana amsa tambaya a gaban tsohuwar da ko lakwal, makarantar boko, ba ta taɓa shiga ba.

Bayan ta yi ritaya zaman gida ya so ya kashe ta. Shi ya sa da Mushe Ilyasu, tsohon malamin lakwal mai yawan barkwanci, ya tara 'yan ritaya irinsa ya ce su fita duk Laraba su koyi ƙasarsu, ita ce ta fara ba da sunanta. Ya raɗa wa ƙungiyar suna Gemu Ba Ya Hana Ilimi. Matan suka ce ai su ba su da gemu, ya ce to furfura ta wadatar. Sun je Tsibiri sun zauna a zaure wani dattijo ya jero musu tarihin Gobir har la'asar. Sun bi bakin gulbi suna tambayar manoma sunayen itatuwan da suka yi shekara sittin suna wucewa ba su sani ba. Duk wannan ya yi mata daɗi. Jiratawa ce kaɗai ta so ta kauce wa, don a nan aka haife ta, kuma mahaifiyarta, marigayiya Hidaya, maginiya ce. Tun ranar da 'yan ajinsu suka fara kiran ta 'yar yumɓu ta rufe zancen, ta rufe shi har tsufa. Uwar ta rasu ba wanda ya gaji hannunta. Amma da ƙungiya ta je koyon gini wurin Inna Tsahara, dole ta bi su. Yanzu da Raihanatu ta sake jin ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu, abu ɗaya take so a duniya: ta ga ko akwai sauran hannun uwarta a cikin nata.

Inna Tsahara ta ɗaga ɓarin tulun sama, ta kanne ido. Ta ce cikinsa sumul yake kamar sabulu, babu ko ƙofa ɗaya ta numfashi. Ina ƙaiƙayin geron da ta zuba? Ina busasshen kashin jakin da ta daka ta haɗa?

Nan fa asiri ya tonu. Hajiya ta amsa, murya ƙasa-ƙasa, cewa in ta kai yumɓun gidanta a Sabon Gari takan sa safar hannu, ta jiƙa shi, ta tace da rariya har sau uku, sai ta fid da duk wani datti. Yaya za ta bar kashin dabba a abin da mutane za su sha ruwa? Rabin rayuwarta ta yi tana yi wa mata faɗa a kan tsabta.

Mushe Ilyasu ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce Madam ta yi wa tulu wankan jego, ba mamaki ya kasa tashi.

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta bayyana cewa abin da Hajiya ke kira datti shi ne ran tulu. Wuta ke cinye shi ƙurmus, ya bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani; ta nan zafi ke fita lokacin gashi, ta nan kuma tulu ke gumi ya sanyaya ruwa. Yumɓu tsantsa girman kai gare shi, in ya ji wuta sai ya tsage. Sannan ta ajiye ɓarin, ta dubi Hajiya cikin ido.

"Hidaya ba ta yi ƙyamarsa ba. Da hannun nan ta tuƙa miki tuwo, ga ki kin girma."

Ashe tsohuwar ta gane ta tun ranar farko, ta goshi da tafiya. Raihanatu ta ji kamar an yaye mata lulluɓi a tsakiyar kasuwa, amma abin mamaki, iska ce mai sanyi ta taɓa ta.

Saura gashi ɗaya kafin damina, don hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma in ruwa ya sauka sai baɗi, in da rai. Ba ta jira Laraba ba. Washegari ta hau kabu-kabu, ita da ta saba cewa babur na yara ne, ta sauka ƙofar Inna Tsahara. Ta tuɓe takalmi, ta bar safar hannu cikin jaka, ta ɗaure zane a ƙugu. Da ƙafarta ta taka yumɓun da duk abin da ke cikinsa. Da farko tsikar jikinta ta tashi. Can sai ta tuna wata safiya da take ƙarama, tana riƙe da gefen zanen uwarta suna takawa tare, uwar na yi mata waƙa. Hawaye ya zubo, ba ta share ba, don hannuwan duk laka ne.

Kwana huɗu tana zuwa. Gwiwa ta yi tsami, baya ya ƙage, tsohuwar kuma ba ta raga mata ba: nan ya yi kauri, nan kin ji tsoro, rushe ki sake. Sai da aka zo wuyan tulu tsohuwar ta bar gyara ta tsaya kallo, don hannun da ya tallabi kan jarirai dubbai ya san yadda ake riƙe abu mai taushi ba a matse shi ba. Da Raihanatu ta gama, babban yatsanta ya danna sau uku a ƙarƙashin wuyan, ita kanta ba ta yi niyya ba. Inna Tsahara ta kau da kai ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido, alhali ba a hura wuta ba. Alamar Hidaya ce.

Ranar Laraba 'yan ƙungiya suka iso toka na sauran ɗumi. Aka yi ta zaro tukwane da doguwar sanda. Raihanatu na tsaye kamar mai jira a ƙofar ɗakin haihuwa. Yau ta san abin da mazajen masu naƙuda ke ji. Tulun ya fito ja, da baƙin tabo a kafaɗa, ɗan karkatacce kaɗan. Tsohuwar ta ɗaga shi, ta ƙwanƙwasa da yatsa. Ya amsa da ƙara siririya mai tsawo, kamar kukan farko.

"Ya rayu," in ji ta.

Matan unguwa suka rangaɗa guɗa. Aka ɗauraye shi, aka cika da ruwan rijiya, aka ajiye ƙarƙashin itacen bedi. Kafin azahar ya yi gumi. Mushe Ilyasu ya fara sha, ya lumshe ido, ya ce firjin gidansa ta shiga uku. Ya buɗe littafin ƙungiya zai rubuta, ya tambaya ko ya sa Madam Raihanatu, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti.

Ta miƙe tsaye, ta rungumi tulun a ƙirji, danshinsa na ratsa rigarta.

"Rubuta Raihanatu ɗiyar Hidaya maginiya, Mushe. Kuma ku shaida, da kaka zan tada rumfar uwata da ta faɗi, nan Jiratawa. In yi ta koyo wurin Inna har in iya randa, duk wadda ke so kuma ta zo mu taka yumɓu tare."